Na'urar Ta Iso, Amma Ba Ta Jin Hausa

Utako unguwa ce da ake neman abinci da maƙogwaro. Tun da asuba 'yan kamasho ke kwarara sunayen garuruwa a bakin tashoshin mota, a kasuwa kuma ciniki ba ya faɗawa sai an taya, an ce albarka, an ƙara, an sake cewa albarka. Nan ne hedikwatar kamfanin Media Trust mai buga Daily Trust da Aminiya, nan jaridar Leadership take, nan kuma sakatariyar ƙungiyar 'yan jarida ta Abuja take, inda da wuya mako ya wuce ba a ga wani ya zauna gaban tarin makirufo yana kai kukansa ba. Duk mai abin faɗa a babban birnin tarayya, ko ba daɗe ko ba jima sai ya bi ta Utako. To mutumin da yake da abin faɗa, amma bakinsa ba ya fitar da shi, ta ina zai bi?

Amsar da ake saurin bayarwa yanzu ita ce fasaha. An ji labarin baturen nan masanin sararin samaniya da ke magana ta kwamfuta, an ga bidiyon safar hannu mai fassara maganar kurame, sai a ce ai matsalar ta kusa zama tarihi, saura kayan su iso mana. A ganina rabin kayan sun daɗe da isowa, suna cikin aljihun ɗan acaba da mai shayi. Matsalar ita ce ba a zuba musu Hausa ba, kuma ba a tanadi wanda zai zauna da iyali ya koya musu aiki da su ba.

Kafin a kai ga na'ura sai an raba mutanen da muke tarawa wuri ɗaya mu ce musu bebaye. Akwai wanda ba ya ji, ko dai haka aka haife shi, ko wata cuta ta tafi da jinsa yana ƙarami. Sankarau da ƙyanda sun yi wannan ɓarna a ƙasar Hausa ba kaɗan ba. Annobar sankarau ta 1996 kaɗai ta kama mutum fiye da 100,000 a Najeriya, akasari a Arewa, ta kashe sama da 11,000, kuma cikin waɗanda suka tashi akwai waɗanda suka tashi babu ji. Sai kuma wanda kunnensa garau yake, maganar ce ba ta fita: dattijon da hawan jini ya kayar ya shanye masa ɓarin jiki, yaron da ya galabaita a doguwar naƙuda ko shawara ta taɓa masa ƙwaƙwalwa yana jariri, mai sikilar da jini ya toshe masa a ka tun bai gama firamare ba, wasu daga cikin yara masu galahanga, da wanda aka cire wa maƙogwaro saboda ciwon daji. Kusan ɗaya cikin uku na waɗanda ɓarin jikinsu ya shanye suna samun tangarɗar harshe, wasu a furuci kawai, wasu har da fahimta. Kurma yana da harshensa cikakke, mai jin harshen ne ya yi masa ƙaranci. Waɗannan na biyun kuwa Hausarsu irin tamu ce, hanyar fitarta ce ta toshe. Abin da zai yi wa ɗaya magani ba lalle ya yi wa ɗayan ba.

Kuramen ƙasar Hausa ba su jira kowa ba. Suna da maganar hannu tun zamanin da babu mai tuna farkonsa, a Kano ma har sarautar Sarkin Bebaye akwai. Wata Bajamushiya mai nazarin harsuna, Constanze Schmaling, ta zauna cikin kuramen Kano a shekarun 1990, a 2000 ta fitar da littafi mai suna Maganar Hannu, inda ta nuna cewa harshe ne mai tsarinsa da ƙa'idojinsa, ba Hausar baka ce ake kwaikwaya da yatsu ba. Makarantar boko kuma ta zo da wani harshen daban. Andrew Foster, baƙar fatar Amurka, shi ma kurma, ya buɗe makarantar kurame a Ibadan a 1960 da maganar hannu irin ta ƙasarsu. Daga wannan tushe maganar hannun makarantun Najeriya ta fito. Ita ce ta shiga makarantar Tudun Maliki a Kano, wadda aka buɗe a 1977, ita ake koyarwa a makarantar kurame ta Kuje a nan Abuja, ita kuma tafinta ke yi a ɗan lungun talabijin lokacin labaran NTA. Saboda haka kurma ɗan makaranta da kurman da ya tashi yana dako a kasuwa suna iya haɗuwa a tasha, kowa da irin hannunsa. Duk wanda ya zo da shirin ƙera manhajar fassara maganar kurame, sai a fara tambayarsa wacce daga ciki yake nufi.

Babu abin da ya canza rayuwar kurame kamar waya, kuma ba don su aka ƙera ta ba. Da salula ta shigo a 2001, saƙon tes ya ba kurma mai karatu damar yin magana da na nesa ba tare da ya roƙi wani ya buga masa ba. Da WhatsApp ya kawo kiran bidiyo a ƙarshen 2016, har wanda bai taɓa riƙe alƙalami ba ya shigo. A bakin kasuwar Utako kana iya cin karo da matashi ya jingina wayarsa da buhun shinkafa don hannayensa biyu su samu sarari, yana hira da wani a Jos ko Kano, girarsa na hawa tana sauka, kumatunsa na cika suna sacewa, yana dariya har da dafa ciki. In ya juya zai sayi kaya sai ya nuna, mai kaya ya danna kuɗin a kalkuleta ya miƙo, shi kuma ya goge ya danna nasa tayin yana ɗaga kafaɗa. Mai kaya ya kama haɓa, ya ƙara ɗari biyu. Ya tura kuɗi, ya nuna alat, an ƙulle leda, ba a ce uffan ba. Wanda ya saba ganin kurma ne kawai da 'yar takardar neman taimako da ake ajiye wa fasinja a cinya kafin mota ta cika, ya kamata ya tsaya ya kalli wannan cinikin.

Sai dai wayar da ta buɗe wannan ƙofa tana rufe wata. Mu mutanen kunne ne. Tun 1957 da BBC ta fara Hausa muke manne da rediyo, da saƙon murya ya zo kuma sai ya same mu a shirye. Sanarwar rasuwa, ɗaurin aure, rabon gado, wa'azi, gulma, duk da murya ake turo su. Kurma yana cikin zauren WhatsApp na danginsu, yana kallon saƙonni jere reras, bai san ko haihuwa aka yi ko mutuwa ba sai wani ya tuna da shi. Fina-finan Kannywood in an yi musu rubutu a ƙasa, Turanci ake rubutawa. Bidiyon da shi ne bakin kurma ya fi kiran murya cin data nesa ba kusa ba, don haka ƙarin kashi 50 cikin 100 da hukumar NCC ta amince a yi wa kuɗin kira da data a Janairun 2025 ya fi nauyi a kansa. Lambar gaggawa ta 112 a kan kira da murya aka gina ta. In katin banki ya maƙale, abin da ake cewa shi ne a kira wannan lamba a saurara.

Akwai manhajar da ke mayar da magana rubutu nan take. Google ya fitar da Live Transcribe a 2019 tare da jami'ar kurame ta Gallaudet da ke Washington, a Oktoban 2024 kuma ya sanar da shigar da Hausa cikin harsunan da mutum zai yi wa wayarsa magana ta rubuta. Wannan ci gaba ne na gaske ga wanda ya kurumce da girmansa, wanda ya riga ya iya karatu. Amma yaron da aka haifa kurma bai taɓa jin Hausa ba, a makaranta kuma da maganar hannu da Turanci aka koyar da shi, in ma an sa shi makarantar. Rubutacciyar Hausa tana iya zame masa harshe na uku.

Ita kuwa safar hannun nan mai fassara, wadda kusan kowace shekara sai wani ɗalibin injiniya a wata ƙasa ya sake ƙirƙiro ta an yi masa tafi, kurame da kansu ba su cika ɗokinta ba, kuma suna da hujja. Labarin zuciya a tambayi fuska: a maganar hannu gira da baki da karkata kai ne ke bambanta tambaya da umarni, safa kuwa yatsu kawai ta sani. Sannan ta ɗora wa kurma wahalar saka waya a hannu don mai ji ya huta, alhali in mai jin ya ba da amsa ba ta da abin da za ta yi.

Abin da kurame ke nema a bayyane yake, tafinta ne. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019 ta wajabta wa asibitin gwamnati ya tanadi hanyar sadarwa ta musamman ga majinyacin da ke da matsalar magana. Ta yanke tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ga mutumin da ya nuna wariya, kamfani kuma naira miliyan ɗaya. Hukumar da dokar ta haifar ta fara aiki a 2020, kuma shugabanta na farko, James Lalu daga Filato, kurma ne. Duk da haka, kurma mai juna biyu da ta je awo yawanci da ƙanwar miji ko ɗanta ƙarami take shiga wurin likita, su ne bakinta, su ne kunnenta, kuma abin da ba ta so su sani ba za ta faɗa ba. Ba kowane asibiti ne zai iya ɗaukar tafinta ya zauna jiran ranar da kurma zai zo ba. A nan ne fasaha ke da aiki: tafintoci kaɗan a ɗaki ɗaya a Abuja, da kiran bidiyo, za su iya tsaya wa majinyaci a Kwali da wani a Abaji da wani a ofishin 'yan sanda a rana ɗaya. A Amurka irin wannan hidima daga asusun da kamfanonin waya ke zuba wa kuɗi ake biyanta. Mu ma muna da asusun USPF a ƙarƙashin NCC, wanda aka kafa don kai sadarwa ga waɗanda aka bari a baya.

Ga wanda yake ji amma ba ya iya furtawa, fasahar farko ba ta buƙatar caji. Na ga wata yarinya tana jinyar mahaifinta, tsohon direban babbar mota da ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Ta yanko bayan kwali, ta ɗauki hotuna da wayarta, aka buga mata a shagon fotokofi aka rufe da leda: buta, kofin shayi, bayi, carbi, rediyo, ƙwayar magani, fuskokin 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya, sai koriyar da'ira da ja a ƙasa, na i da na a'a.

"Baba, a kawo ruwa?"

Shiru. Ba ta ƙara wata tambayar ba, ta zuba wa hannunsa na hagu ido. Wata baƙuwa da ta zo dubiya ta ce ai yunwa yake ji, a dama masa koko. Yarinyar ta ɗaga mata hannu. Yatsan ya ja a hankali, ya wuce buta, ya wuce kofi, ya tsaya a kan fuskar autansa. Ya huta. Ya sake ja zuwa rediyo.

"Au, Baba, auta ne ya ɗauke rediyon?"

Ya buga koriyar da'irar sau biyu, da ƙarfi.

Kuɗin wannan allo bai kai na katin waya na mako ba. Abin da ya sa ya yi aiki shi ne jiran da yarinyar ta iya, domin mu in muka yi wa mara lafiya tambaya, kafin ya motsa mutum uku sun amsa masa. Kada kuma a ɗauka wannan dabarar talaka ce kawai. Stephen Hawking, baturen nan masanin sararin samaniya, da aka huda masa maƙogwaro a 1985 bayan ciwon huhu ya kama shi a Geneva, da katin haruffa ya fara: ana nuna masa harafi, in an zo kan wanda yake so ya ɗaga gira. Ɗan jaridar Faransa Jean-Dominique Bauby, wanda jikinsa duka ya mutu a 1995 in ban da fatar idonsa na hagu, littafi guda ya shifta da ƙiftawa, ana karanto masa haruffa yana tsayar da mai karatu. Tun 1971 wata cibiyar yara a Toronto ta fara koya wa yaran da ba sa iya magana nuna alamomin Bliss a kan allo, a 1985 kuma aka ɓullo da tsarin PECS a Amurka, inda yaro mai galahanga ke miƙa hoton abin da yake so a ba shi.

Iyaye da yawa suna gudun allon hoto don tsoron kada yaro ya sangarce ya ƙi koyon magana. Nazarin da Diane Millar da Janice Light da Ralf Schlosser suka wallafa a 2006 ya tattara binciken da aka yi a kan haka, bai samu ko mutum ɗaya da maganarsa ta ragu ba, akasarinsu ma ƙaruwa ta yi. Haɗarin yana wajen jira. Martin Pistorius na Afirka ta Kudu ya kwanta yana ɗan shekara 12, aka ɗauka babu kowa a cikin gangar jikin, alhali hankalinsa ya dawo yana jin duk abin da ake faɗa a kansa shekara da shekaru. Sai a 2001 aka kai shi cibiyar nazarin hanyoyin sadarwa ta Jami'ar Pretoria, wadda aka kafa a 1990, aka ce ya kalli hoton abin da aka ambata, ya kalla. Yau yana da mata da ɗa, ya kuma rubuta tarihinsa. Yara nawa ne a ɗakunan bayan gidajenmu da ba a taɓa yi musu wannan gwajin mai sauƙi ba, an riga an yanke cewa ba su da hankali, ko an ce aikin iska ne?

Daga allo sai na'ura mai murya. Mutum ya taɓa hoto ko ya rubuta kalma, ita ta furta. Wanda hannunsa ba ya aiki yana iya danna maɓalli ɗaya da ƙafa ko kai, ko kuma kyamara ta bi ƙwayar idonsa, irin na'urorin kamfanin Tobii Dynavox na Suwidin, masu tsadar dubban daloli. Hawking a farkon amfaninsa da kwamfuta kalma 15 yake fitarwa a minti ɗaya, mai magana da baki kuwa yana yin wajen 150. A 2023 masu bincike a Kalifoniya sun dasa wa mata biyu na'ura a ƙwaƙwalwa, ɗaya ta kai kalma 62 a minti, ɗaya 78. Abin mamaki ne, amma ba shi ne zancenmu na bana ko na baɗi ba. Wanda ya fi kusa da mu shi ne manhajar waya. Fitacciyar cikinsu, Proloquo2Go, wadda ta fito a 2009, kusan dala 250 ce, wato naira 375,000 in ana canji a 1,500, albashin sama da wata biyar ga mai karɓar mafi ƙarancin albashi na 70,000. A kan na'urorin Apple kaɗai take aiki, mu kuwa Tecno da Itel ne a hannunmu. Akwai na kyauta irin Cboard, wadda UNICEF ta tallafa wa.

A ce ma an samu kuɗin. An shiga Banex a Wuse an sayo na'urar, an kunna. Da wane harshe za ta yi magana? Muryar da ke karanta rubutu a yawancin wayoyin da ke hannun mutane ta Turanci ce, in ka ba ta Hausa sai ta tattauna ta ta furzar, ta ci ƙ da ɗ da ɓ. Ko an samu wadda aka horar da Hausa, akwai wani tarko a rubutunmu na boko: ba ma nuna karin sauti da tsawon wasali. Dattijon da ke kwance ya rubuta "ta tafi". Labari yake bayarwa cewa matar ta riga ta fita, ko umarni ne a sallame ta? A baki ba a taɓa rikita su, a rubuce harafi ɗaya bai bambanta ba. Na'urar da ta karanta shi ba daidai ba tana iya korar baƙuwa daga gida da sunan maigida.

Sannan allunan da ake shigo da su daga waje an tsara su ne a kan "ina son kaza". Bahaushe ba ya buɗe baki da buƙata. Mutum ya shigo dubiya, abin da mara lafiya ke son faɗa shi ne sannu da zuwa, ya hanya, ya yara, alhamdu lillahi, da sauƙi, amin. Uba yana son ya sa wa 'yarsa albarka, ya kuma tsawata wa ɗansa. Allon da ba shi da "Allah ya yi miki albarka", ba shi da "bari", ba shi da "ƙarya ne", ya mayar da magidanci mai roƙon ruwa da bayi kawai. Dole a samu ka da ki, a samu ku ta girmamawa. Hoton abinci ya zama tuwo da koko da ƙosai da fura. Tsohon da karatun allo ya yi, haruffan ajami zai fi saurin ganewa. Ita ma muryar, yarinya 'yar shekara bakwai ba za ta so ta riƙa magana da muryar mai karanta labaran duniya ba, Basakkwace kuma zai so a ji Sakkwatanci a bakinsa. Hawking da kansa ya ƙi yarda a canza masa tsohuwar muryar na'urarsa mai karin Amurka ko da aka samu waɗanda suka fi ta daɗi, don ta riga ta zama tasa. Masu bincike a Pretoria sun naɗi hirar ƙananan yara masu jin Zulu da Sepedi don su gano kalmomin da suka fi yawo a bakinsu, a kansu za a gina allo. Irin wannan aiki bai fi ƙarfin sashen Hausa da sashen ilimi na musamman na Jami'ar Bayero ba in suka haɗa kai, kuma ya fi wani sabon kundin digiri a kan jigo da salo amfani.

Ba a zaune ake ba, gaskiya. A 2023 kamfanin Meta ya saki muryoyin kwamfuta na harsuna sama da 1,100, da Hausa a ciki, sai dai da karatun Littafi Mai Tsarki aka horar da su, don haka muryar mai karatu ce a gaban jama'a, ba ta hirar tsakar gida ba. Shirin NaijaVoices ya tara awa 1,800 na maganar Hausa da Ibo da Yarbanci. Rumbun Common Voice na Mozilla yana karɓar muryar duk wanda ya ga dama ya bayar, kuma akwai Hausa. A Satumban 2025 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da N-ATLAS, ƙirƙirarriyar basira mai jin manyan harsunan ƙasar, cibiyar NCAIR da ke wannan aiki kuma a Wuye take, maƙwabciyar Utako. Abin da ban cika ji ba a wuraren ƙaddamarwa shi ne ambaton mutumin da wannan murya za ta zame masa baki. Ana maganar banki da noma da kasuwanci. Alhali murya ɗaya mai kyau ta Hausa, wadda za ta zauna a cikin ƙaramar waya ta yi aiki ba data, za ta yi wa mara magana aiki, ta yi wa ɗaliban makarantar makafi ta Jabi da ke fama da manhajar TalkBack tana karanta musu saƙon iyayensu da lafazin Ingila, ta kuma yi wa miliyoyin da idonsu da bakinsu lafiya lau amma ba su iya karatu ba. Kafin ta samu, akwai dabara: Cboard da ire-irenta suna barin a naɗi murya a kan kowane hoto. In yaro ne mara magana, a samo sa'ansa ya naɗa masa, kada a ba shi muryar uwarsa.

Saura biya. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka fitar a 2022 ya ce mutum biliyan 2.5 ne ke buƙatar wani kayan taimako, daga tabarau zuwa keken guragu, kusan biliyan ɗaya ba su samu ba, a wasu ƙasashe matalauta ma kashi 3 cikin 100 ne kawai ke samu. Tun 2016 hukumar ta sa allon sadarwa da manhajar sadarwa cikin kayan taimako 50 da ta ce su ne kan gaba. A Amurka inshorar gwamnati ta Medicare tana biyan kuɗin na'urar magana tun 2001. Hedikwatar hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, NHIA, a Utako take. Dokarta ta 2022 ta wajabta inshora ga kowa, ta kuma tanadi asusun marasa galihu wanda naƙasassu ke cikin waɗanda aka yi shi dominsu. A wannan ofis ya kamata ƙungiyoyi su kai tambaya a rubuce: awannin da ƙwararre zai yi yana gwada yaro, yana tsara masa allo, yana koya wa uwarsa, wa zai biya su?

Na ce awanni da gangan. Keken guragu yana da farin jini wajen 'yan siyasa domin ana iya jera shi a fili a ɗauki hoto. Zaman koya wa uwa yadda za ta jira amsa ba ya hoto. Wani nazari da aka yi a Amurka a 1993 ya gano kusan kashi 29 cikin 100 na kayan taimakon da aka ba mutane sun ƙare a ajiye, kuma babban dalili shi ne ba a tambayi mai amfani da su ba kafin a zaɓa masa. In haka ta faru a can, ina ga kwamfutar hannun da aka raba a taro, ba caja, ba Hausa, ba lambar wanda za a kira in ta tsaya? Ƙwararrun gyaran magana kaɗan ne a Najeriya, kuma sun taru a manyan birane. Kwalejin ilimi ta musamman da ke Oyo da Jami'ar Jos suna yaye malamai, Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa tana Kaduna tun 1999, amma ba za su kai kowane ƙauye ba. Waɗanda ke kaiwa su ne nas-nas da masu gashin ƙashi da malaman asibitin karkara. Mai gashin da ke motsa wa dattijo hannu da ƙafa sau biyu a mako, in an koya masa haɗa allon hotuna goma sha biyu, zai sallami majinyacinsa da abin da ya fi sanda amfani.

Akwai wani ɓangare da ba a cika tattaunawa ba, kuma shi ne ya fi ba ni tsoro. Malaman fiƙihu sun daɗe da karɓar isharar bebe da aka fahimta a aure da saki da ciniki. Dokar shaida ta Najeriya ta 2011, a sashe na 176, ta yarda wanda ba ya iya magana ya ba da shaida a rubuce ko da alama a gaban kotu, a kuma ɗauke ta kamar ta baka. Wannan yana nufin abin da ya fito daga allo ko na'ura yana iya raba gado, ya ɗaura aure, ya ɗaure mutum. To wa ya faɗe shi? A shekarun 1990 wata hanya ta yi tashe a Amurka, inda mataimaki ke riƙe hannun yaro mara magana yana "taimaka" masa ya danna haruffa. Yara suka fara fitar da dogayen jimloli, har da zargin iyayensu da lalata, aka raba gidaje. Da aka gwada, sai aka riƙa nuna wa yaro hoto ɗaya, a nuna wa mataimakin wani daban. Abin da aka rubuta kullum shi ne wanda mataimakin ya gani, ba tare da shi kansa ya san shi ke jan hannun ba. Ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka ta yi watsi da hanyar a 1994. Yanzu kuma ga manhajojin da ke ƙarasa wa mutum jimla kafin ya gama harafi na biyu, masu sauri, masu daɗin baki, waɗanda gajiyayyen majinyaci zai iya amince wa don kawai ya huta.

A gidan da dattijo mai gonaki da mata uku ya rasa magana, ɗa ɗaya ne yawanci ke zama tafintansa, kuma ba sai yana da mugun nufi ba kafin ya riƙa jin abin da yake son ji. Alƙalin da aka kawo wa irin wannan wasiyya, ko dangin da ke shakka, suna da gwajin da ba ya cin ko kwabo. A fitar da mai taimakon waje, a nuna wa dattijon wani abu ko a faɗa masa wani suna, a dawo da mai taimakon, sannan a tambayi dattijon me aka nuna masa. A maimaita da abubuwa daban-daban, a rana fiye da ɗaya, da safe lokacin da bai gaji ba. Hannun kowa kada ya taɓa nasa, kuma a tabbata akwai "ba haka nake nufi ba" a kan allon, a inda yatsansa ke iya kaiwa.